Waiwaye: Yadda bishara ta bi baki da baki a ƙasar Hausa

Har gobe akwai masu yin mamaki idan suka ji mutum ya ce shi Bahaushe ne kuma Kirista. Sai a tambaye shi, "Kai ɗan wace ƙabila ce dai?" Alhali wannan tarihi ya haura shekara ɗari, kuma wanda ya bi sawunsa zai tarar ba a dandalin wa'azi aka fi yin aikin ba. A zaure aka yi shi, da bakin gadon majinyaci, da hirar 'yan uwa bayan tuwon dare.

Dalilin haka kuwa, tun farko ƙofa a rufe take. A 1893 wasu samari uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa arewa. Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya tsira, shi ne ya ci gaba da mishan ɗin da aka sani da SIM, wato Sudan Interior Mission. A 1900 Bishop Tugwell na CMS, mishan ɗin cocin Anglican, ya ja ayari har Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku. Da Turawan mulki suka ci ƙasar, Gwamna Lugga (Lugard) ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, shi ya sa aka riƙa hana 'yan mishan wa'azi a fili cikin biranen Musulmi. Yawancinsu sai suka karkata zuwa Filato da kudancin Zariya da Binuwai.

Likita Walter Miller ne ya nace. Yana cikin ayarin da aka kora daga Kano, a 1905 kuma ya samu ya zauna cikin birnin Zariya, da ɗan ɗakin shan magani da makaranta. Ya ƙware a Hausa sosai, amma shekaru suka yi ta wucewa waɗanda suka karɓi baftisma a hannunsa ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya sauya lissafi ba daga Turai ya zo ba. Tun wajajen 1860 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatun Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayi na musamman. An kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi. Su ne ake kira Isawa ko Bani Isra'ila. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller da kansu, suna son jin ƙarin bayani a kan Isa. A lura, ba mai bishara ne ya je musu ba, su suka taka. Da suka gamsu kuma, su suka koma suka gaya wa danginsu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya faɗa wa garin ya yi ɓarna mai yawa. Waɗanda suka rage na cikin mutanen da suka raya Wusasa bayan mishan ta tashi daga cikin birni wajen 1929.

Wanda ya je Wusasa ya ga tsohuwar majami'ar St Bartholomew zai gane abin da nake nufi da cewa abin na gida ne. Ginin ƙasa ne irin na magina Zazzagawa, da bakan gizo a ciki, in ba an gaya maka ba sai ka ɗauka soron wani basarake ne. Daga wannan ɗan gari aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan ya sa Hausa ta zama harshen sujada har ga ƙabilun da ba Hausawa ba, kuma ya sa wanda ya iya ɗan karatu zai iya zama da maƙwabcinsa ya karanta masa, ba sai Bature na kusa ba. Cikin shekarun 1930 aka ba SIM kula da asibitocin kutare, irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Mutumin da danginsa ke ƙyamar cin abinci tare da shi, ya tarar da wanda zai wanke masa gyambo. Wasu sun koma ƙauyukansu da sabuwar bangaskiya. A Nijar ma haka hanyar ta bi, ta Damagaram da Tsibiri da asibitin Galmi.

Bayan 'yancin kai sai abin ya zama tsari. A daidai lokacin da Sardauna ke zagayen musuluntar da jama'a, ikilisiyoyi suka haɗu a shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda tushensa shi ne shaida ba aikin fasto kaɗai ba ne, na kowane mai bi ne. Ana taron addu'a a gidaje, sannan a fita bibbiyu, a yi sallama, a gaisa, a tambayi gona da yara, in mai gida ya ba da fuska a shiga magana. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, sun yi nasu a wajen barka da gaisuwar mutuwa. Ta wannan hanya Maguzawa da dama a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau suka shiga Kiristanci, musamman cikin shekarun 1970, wasu 'yan uwansu kuma suka musulunta. Shi ya sa za ka iske gida guda, wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa majami'a.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini da yaɗa shi. Amma takarda daban, tsakar gida daban. Wanda ya fito daga gidan Musulmi ya ce ya karɓi Almasihu, abin da 'yan uwansa ke kira ridda, sau da yawa yakan rasa gado, ko aure, ko ma wurin kwana, iyayensa kuma na ganin sun yi rashin ɗa yana raye. Saboda haka har yau irin wannan magana a keɓe ake yinta. Bambancin kawai, wadda a da ake yi a zaure, yanzu wani lokaci a WhatsApp take farawa.