Tafiya wata jiha ba ta kashe Medicaid: abin da doka ta ce kan mai kula da tsoho

A 'yan kwanakin nan magana ta yi yawa a tsakanin 'yan uwanmu da ke Amurka, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York, cewa duk tsohon da gwamnati ke biyan mai kula da shi a gida, da zarar ya taka wata jiha, shi ke nan an yanke masa Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Har an kai ga wasu iyaye mata suna fasa zuwa sunan jikokinsu a jihar Niu Jazi ko Ohayo saboda tsoro. Wannan magana ba haka take ba.

Medicaid shiri ne na haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi tun 1965, kuma shi ke biyan masu taimaka wa tsofaffi da masu buƙata ta musamman wajen wanka, girki, sa tufafi da makamantansu. Ƙa'idar tarayya a fili take: jiha ba ta da ikon cire mutum don kawai ya yi tafiya ta ɗan lokaci, matuƙar niyyarsa ya dawo idan abin da ya kai shi ya kammala, kuma wata jihar ba ta riga ta ɗauke shi a matsayin mazauninta ba. Mai zuwa biki ko jinyar ɗan uwa baƙo ne a can, gidansa na nan.

Inda ake ruɗewa shi ne, zama cikin shirin daban, biyan mai aikin a wata jiha daban. Tarayya ta tilasta wa jihohi biyan magani a wajen iyakarsu ne a 'yan wurare kaɗan, kamar larurar gaggawa. Kulawar yau da kullum kuwa, kowace jiha da tsarinta. Wasu suna yarda mai kulawa ya bi tsoho su tafi tare, a biya shi sa'o'in da aka riga aka amince, ba ƙari. Wasu sai an nemi izini tukuna. Saboda haka kafin a ɗaure kaya, a kira kamfanin inshorar da ke kula da Medicaid ɗin tsohon ko jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa, a faɗi ranar tafiya da ta dawowa, a nemi amsar a rubuce. Ni dai ina ganin bai dace dattijuwa mai shekara tamanin ta nemi izini kafin ta ga jikanta ba, amma haka tsarin yake.

Fita ƙasar waje kuwa wani babi ne. Medicaid ba ta biyan kulawar da aka yi a Kano, Kumasi, Yamai ko Makka. Mai karɓar tallafin SSI kuma, wato kuɗin wata-wata da gwamnatin tarayya ke bai wa tsofaffi da masu buƙata ta musamman marasa ƙarfi, idan ya cika kwana 30 a jere a wajen Amurka, ana dakatar da kuɗinsa, ba ya dawowa sai ya sake cika kwana 30 a jere a cikin ƙasar. A jihohi da dama Medicaid ɗinsa a jingine take da wannan tallafi.

Ainihin ramin da mutanenmu ke faɗawa a nan yake. Hajiya ta tafi gida wata uku, 'yarta da ke aikin kula da ita kuma tana ci gaba da rubuta sa'o'i ana biyanta, da tunanin ai kuɗin gwamnati ne. Doka zamba take kiran wannan. Tun dokar da aka kafa a 2016, an wajabta wa jihohi amfani da tsarin na'ura da ke nuna lokacin fara aiki da tashi, da wurin da aka yi shi, kuma kowace jiha tana da sashen binciken zambar Medicaid. Hukuncin ya haɗa da mayar da kuɗin, tara, hana mutum aiki a duk shirin lafiya na gwamnati, wani lokaci har da gidan yari. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin, idan kotu ta same shi da laifin zambar da ta haura dala 10,000, hakan na iya kai shi ga kora daga Amurka. Haka nan kwanakin da tsoho ke kwance a asibiti, a yawancin jihohi ba a rubuta su a matsayin aikin gida.