Aikin gayyar hanyoyin keken tsauni

Aikin gayyar hanyoyin keken tsauni aiki ne da mahaya keke suke yi kyauta, ba albashi ba alawus, na sarar sabuwar hanya a cikin daji ko a jikin tsauni da kuma gyaran wadda ruwa da tayoyi suka lalata. Hanyar da ake nufi ba titi ba ce, 'yar siririyar turba ce ta ƙasa wadda keke ɗaya kawai take ɗauka, sau da yawa faɗinta ko mita ɗaya bai kai ba. An fi sanin abin a Amurka da Kanada da Birtaniya, kuma galibi ƙungiyar mahayan gari ce take shiryawa bayan ta samu izini daga masu filin, ko hukumar gandun daji ko ƙaramar hukuma ko wani mai ƙasa.

Tarihi

Shi wasan kansa ya taso ne a shekarun 1970 a yankin Marin na jihar Kaliforniya, inda samari irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly suka riƙa tono tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tsaunukan kusa da garin Fairfax. Tseren da aka fi ambata shi ne Repack, wanda aka fara a watan Oktoban 1976, tsawonsa wajen kilomita 3 amma gangaren ya kusa mita 400, shi ya sa kafin mutum ya kai ƙasa giris ɗin da ke cikin burkin baya ya ƙone har yana hayaƙi, sai an kwance an zuba sabo. A lokacin kam ba wanda yake sarar hanya, hanyoyin motocin kashe gobarar daji da turbobin masu tattaki suke bi.

Rigima ta fara ne da kekunan suka shiga kasuwa. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan tsauni na farko da aka ƙera da yawa, cikin 'yan shekaru dazuzzukan da a da sai masu tafiyar ƙasa da masu doki suka cika da 'yan keke masu gudu, su kuma waɗancan suka kai ƙara cewa ana tsorata musu dawaki ana farfasa musu hanya. Hukumomi suka fara kafa allon hana keke nan da can, a 1984 kuma hukumar gandun dajin Amurka ta bayyana a ƙa'idarta cewa keke ba ya shiga dazuzzukan da wata dokar ƙasar ta 1964 ta keɓe don a bar su yadda suke. To a nan ne mahayan suka gane cewa surutu a wajen taro ba zai buɗe musu hanya ba, amma in ka zo da shebur ranar Asabar ka gyara wa jami'in daji abin da ba shi da kuɗin gyarawa, gobe zai saurare ka. A 1988 ƙungiyoyi 5 na Kaliforniya suka haɗu suka kafa IMBA, ƙungiyar mahaya keken tsauni ta ƙasa da ƙasa, wadda daga baya ta koma Boulder a jihar Kolorado. Daga 1997 ta fara tura ma'aikatanta biyu biyu a mota suna zagaya gari gari suna koya wa 'yan sa kai aikin, da tallafin kamfanin Subaru, a 2004 kuma ta buga littafin Trail Solutions wanda ƙungiyoyi da yawa suka mayar da shi jagora.

A Kanada labarin daban ne, can gini ya riga izini. Tun wajen shekarun 1980 zuwa 1990 mahaya suke shiga dazuzzukan tsaunukan Fromme da Seymour da Cypress a arewacin Vancouver suna sarar hanya ba tare da sun tambayi kowa ba. Wurin ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, ƙasa duk taɓo da saiwoyi da gumagumen da suka faɗi, don haka magina irin su Todd Fiander, wanda aka fi sani da Digger, suka riƙa tsaga itacen sida, wanda ba ya ruɓewa da wuri, suna yin 'yan gadoji masu kamar tsani a kwance. Da farko don a tsallake laka ne, daga baya abin ya zama gasa, gada ta ƙara tsawo ta ƙara siranta har wata faɗinta bai fi tafin hannu ba. An kafa NSMBA, ƙungiyar mahayan yankin, a 1997, kuma wajen ƙarshen shekarun 1990 ne hukuma ta sa zarto mai inji ta sassare wasu gine-ginen a Cypress. Yanzu ƙungiyar da hukumomin yankin take aiki.

A Birtaniya ana yawan danganta farawar da dajin Coed y Brenin a Wales, inda wani ma'aikacin gandun daji, Dafydd Davis, ya shimfiɗa hanyoyi da taimakon 'yan sa kai a tsakiyar shekarun 1990.

Yadda ake sarar hanya

Abokin gabar hanya ruwa ne, ya fi taya ɓarna nesa ba kusa ba. In hanya ta miƙe ta bi gangare kai tsaye, ruwa ma nan zai bi, damina biyu ta zama kwazazzabo. Shi ya sa ake yankar tsauni ta gefe, kuma ƙa'idar IMBA ita ce karkatar hanyar kada ta wuce rabin karkatar gangaren da take ratsawa, a jimlace kuma ta tsaya wajen kashi 10 cikin 100. Ana ɗan kishingiɗar da fuskarta waje da kamar kashi 5 don ruwa ya ƙetare maimakon ya bi ta, sannan kowane 'yan taku sai a sa ta ɗan sauka ta sake hawa, kamar yadda kunya take tare ruwa a gona, ruwan ya taru a kwarin ya fice. Ƙasar sama baƙa mai ganyaye kwashe ta ake yi a watsar, saboda tana shan ruwa ta zama taɓo, sai an kai ga ta ƙasa mai tauri ake daɓewa. Inda wurin ba ya bushewa sai a jera duwatsu, kuma ɗaukar su da hannu ne ko a baro, aikin da ya fi karya baya ke nan.

Kayan aiki

Ban da shebur da diga da manjagara, biyun da aka fi gani daga masu kashe gobarar daji aka aro su. Pulaski gatari ne a gefe ɗaya fartanya a ɗayan, sunan Ed Pulaski ya ci, jami'in daji da ya yi suna a babbar gobarar 1910 a Idaho. McLeod kuma faranti ne na ƙarfe mai haƙora a gefe guda, ana karta da shi ana daɓe da shi.

Ranar aiki

Yawanci ƙarshen mako ne, a sa hannu a takarda, shugaban aiki ya raba kaya, a tashi da rana a ci abinci tare. Ana rubuta awowin da aka yi don nuna wa hukuma da masu ba da tallafi.

Taƙaddama

Har yanzu ana sarar hanyoyin ɓoye, hukumomi na rufewa. Tsofaffin mahaya wasunsu na ƙorafin an mayar da hanyoyi sumul sun rasa wahalarsu. Maganar keke mai batir da ta dazuzzukan da aka keɓe a Amurka kuwa ba a daidaita ba, ko a tsakanin mahayan kansu.