Waiwaye: Tun Yaushe Aka Fara Sake wa Gizo da Dodo Kama?

Muhawarar da ake yi kan yadda matasa ke sake fasalin taurarin tatsuniya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani saurayi a Unguwar Rogo ko Rikkos a Jos zai zana Gizo da ƙirar ƙarfi, takobi a kafaɗa, idanu dara-dara irin na zanen Japan, ya ɗora a Facebook ko TikTok. Wata budurwa za ta rubuta labari a Wattpad, dandalin rubuta labarai na intanet, inda 'yar bora ta ƙi yafe wa kishiyar uwarta, ko inda Dodo ya zama maraya da mutanen gari suka kora daji tun yana ƙarami. Kafin gari ya waye jama'a sun rabu biyu, wasu na cewa yaran zamani sun ɓata al'ada, wasu na cewa gara su zana namu da su zana na wasu. Kowane ɓangare yana magana kamar abin ya soma ne ranar da babbar waya ta shigo hannun yara, alhali tushensa ya kai kusan shekara hamsin, ya girmi masu zanen.

Tarihin farko sananne ne. A 1885 aka buga Magana Hausa na Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, wanda ya ɗauki labarai da dama daga bakin wani Bahaushe mai suna Dorugu. Tsakanin 1911 da 1913 Baturen mulki Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku, daga rubutun ajami na malamai. A 1933 aka yi gasar rubutu ta Zariya, inda Abubakar Imam ya ɗauki sunan tsohuwar tatsuniyar Ruwan Bagaja ya gina wani labari dabam a kai. Bayan 'yan shekaru, a Magana Jari Ce, ya kwaso labaran Larabawa da na Indiya da na Jamus ya sa musu riga da hula suka zama 'yan gida. Ba a ce ya ɓata komai ba, makarantu ma aka kai littattafan. Ke nan ɗaukar tsohon tauraro a ba shi sabuwar rayuwa tsohuwar sana'a ce a adabinmu.

A Jos kuwa tatsuniya ba ta taɓa zama da fuska ɗaya ba. Haƙar kuza ce ta tara Hausawa a nan tun farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914 ya ƙara kwararo su. Gida ɗaya a Gangare ko Dilimi sai ka tarar da Bakanuwa da Bazazzagiya da Bakatsiniya suna girki a tsakar gida guda, kowacce da irin Gizonta. Da sanyi ya sauko, aka shige ɗaki aka kewaye kaskon wuta, yaro yakan katse tsohuwa ya ce, "Kaka, ba haka Inna ta faɗa ba." Ita kuma ta ce, "Kai dai saurara, maigidana, wannan ta garinmu ce." Ga kuma 'ya'yan maƙwabta Yarbawa da nasu kunkuru, mai wayo irin na Gizo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zagaye ake yi. Bayan tsohuwa ta rufe da ƙurunƙus, sai a ce wa ya rage, yarinya 'yar shekara bakwai ta ce ga ta nan ga ta nanku, a amsa mata ta zo mu ji ta. Za ta manta wani wuri ta cike da nata, ta haɗa tatsuniya biyu, ta ba kura maganar da ta ji wajen yayanta. Babu mai cewa ta yi kuskure. Kuma babu wanda ya taɓa ganin Dodo da ido, kowane yaro yana ƙera nasa a zuci gwargwadon abin da ya fi tsoro.

Inda aka sha kwana, wanda masu muhawarar yau ba su cika waiwayarsa ba, shi ne tsakiyar shekarun 1970. Abubuwa biyu ne suka zo kusan a jere, kuma dukansu alheri ne. Gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato da ke Jos ya zama na farko a Najeriya da ya soma watsa shirye-shirye masu launi a 1975, abin da mutanen garin ke alfahari da shi har yau. A watan Satumban 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa.

Talabijin ba ya aiki da safe a lokacin. Da yamma yake buɗewa, ya yi ta yi har dare, wato daidai lokacin da aka saba zaman tatsuniya, daga bayan magariba zuwa barcin yara. Ba kowane gida ke da shi ba, amma gida ɗaya ya ishi layi guda. Yara sukan yi cincirindo a falon mai hali ko su leƙa ta taga, tsohuwa kuma ta zauna da kaskonta da jikoki biyu mafi ƙanƙanta. Babu wanda ya hana tatsuniya, babu wanda ya yi wa'azi a kanta, lokacinta ne kawai aka cika da wani abu. Da shekarun 1980 suka yi nisa, zanen Voltron da ire-irensa suka zama abin hirar yara a makaranta, su ne ake kwaikwaya a bayan littafin lissafi. Hannun da ya fara koyon zane a garin nan, da mutum-mutumin ƙarfe na ƙasar waje ya koya.

A gefe guda, tatsuniyar da ta rasa dare sai ta samu aji. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, guda shida, sun fito tun 1971, aiki ne na ceto wanda ba don shi da makamantansa ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Amma aji yana da ɗabi'arsa. A da ana tsoratar da yara cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, sai in an ɗaure Gizo tukuna. Yanzu ga ta ana karanta ta da hantsi, yara a jere kan benci. Waƙar da ke tsakiyar labari, wadda mai bayarwa ke rerawa a yi mata amshi, ta koma layuka huɗu da ɗalibi zai karanta da muryar karatu. A ƙarshen shafi akwai tambayoyi, kuma kowace tambaya amsarta ɗaya. Yaron da ya rubuta yadda kakarsa ta faɗa masa, in ya saɓa wa littafi, jan biro zai gani. A hankali aka tashi wata zuri'a da ta san siga ɗaya tak ta kowace tatsuniya, ta kuma ɗauka ita ce ta asali, sauran duk gurɓatattu ne. Da yawa daga masu jin zafin zanen matasa a yau 'yan wannan zuri'ar ne, kuma kishinsu na gaskiya ne. Sai dai abin da suke karewa shafi ne da suka haddace a aji uku, ba abin da ya gudana a ɗakin kaka ba.

Ko lokacin da talabijin ya yi ƙoƙarin maido da tatsuniya, kamar shirin Tales by Moonlight da aka fara a 1984, da Turanci aka yi shi, kuma yaron da ke gida ɗan kallo ne. Ba ya amshi, ba a cewa yanzu kai ne. A ganina wannan ce babbar asarar, zagayen da ya tsaya. Yara sun ci gaba da jin labari, amma an daina miƙa musu shi su juya.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Bidiyo ya shigo, finafinan Hausa suka kankama daga 1990, Jos ta zama ɗaya daga cibiyoyinsu, amma soyayya da rikicin gida suka fi cin kasuwa, Gizo bai samu gurbi ba. Wayar salula ta zo a 2001, intanet ya biyo ta, matasa suka tarar a can duniya masu sha'awar labaran almara sun daɗe suna sake rubuta taurarin da suke so, suna ba mugu tarihi, suna mai da baiwa sarauniya. Sai suka waiwayo gida suka karɓi zagayen da ba a ba su ba.

Ina tare da su a kan haƙƙin yin haka, amma ina da damuwa kan abin da ke zubewa a hanya. Gizo mai ƙwanji da takobi ya daina zama Gizo. Ƙarfinsa duka a rashin ƙarfinsa yake: ƙaramin halitta mai tsamin baki, ga haɗama, wanda ke zaune tsakanin zaki da giwa da kura kuma yake kwana da rai saboda dabara. Talaka ne ke dariya da masu iko ta bakinsa, yana kuma dariya da kwaɗayin kansa. Dodo ma haka. Masu zane suna ba shi ƙaho da fukafukai da wuta a baki, amma a tatsuniyar budurwar da ta raina duk samarin gari, Dodo da kyakkyawar sura ya zo, da kayan aro, sai da suka yi nisa a daji ya fara mayar wa masu abu abinsu. Tsoron da ke ciki shi ne baƙon da ba a san asalinsa ba, kuma iyaye mata sun san abin da suke faɗa wa 'ya'yansu. Ta-kitse da ke narkewa in an kai ta kusa da wuta, magana ce a kan amaryar da kishiyoyi suka sa a gaba.

Wani lokaci kuma matasan sukan kama abin da aji ya rufe. Wadda ta rubuta Ƙoƙi tana ƙorafin zama da miji maƙaryaci, ko ta tambayi dalilin da uban 'yar bora ya yi shiru ana azabtar da 'yarsa, ta taɓo ainihin abin da matan da suka ƙirƙiri labaran nan suke nufi. Su ma cikin gidan kishiyoyi suke ba da su, da dare, maza ba sa nan.

Matsalar da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai ita ce ƙarancin abin komawa. Littattafan Edgar ba a samunsu cikin sauƙi a kantunan littattafai. Matashin da ya nemi gizo-gizo mai wayo a intanet, Anansi na mutanen Akan a Ghana zai fara cin karo da shi, manhajar zana hoto ma irin wannan kamar take ba shi. In ya dace da laburare mai kyau, abin da ya fi yiwuwa ya samu shi ne fassarar Neil Skinner ta tarin Edgar, wadda juzu'inta na farko ya fito a 1969, sauran biyun a 1977, duka da Turanci.