Idan sola ta yawaita, wa ke riƙe da ragamar babban layi?

Wutar babban layin ƙasa ba hatsi ba ce, balle a zuba ta a rumbu. Abin da tashoshi suka samar, nan take ake shanye shi. Shi ya sa ƙa'idar babban layi da NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki, ta amince da ita ta kafa ma'auni: bugun wutar ya zama 50 a daƙiƙa, in ya goce kada ya fita daga tsakanin 49.75 da 50.25. Mai janareta ya san zancen. Ka jona dutsen guga, sai ka ji kukan injin ya canza, ƙwai ya dushe. Haka babban layi yake, sai dai shi in ya durƙusa, ƙasa ce ɗungurungum ke shiga duhu.

Injinan Kainji, Jebba, Shiroro da na tashoshin gas ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa. In wata tasha ta faɗi, ƙarfin juyin sauran yana tallafe layin na 'yan daƙiƙoƙi kafin a kawo ɗauki. Farantin sola kuwa ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma hadari na haɗuwa wutarsa ta ja baya, ba sallama. Tashar sola ta Kumbotso a Kano megawat 10 ce kacal, layi ba zai ji ta ba. Ranar da irinta suka kai ɗari, labari zai sha bamban.

Dokar Lantarki da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa NERC alhakin buɗe wa makamashin rana da iska da ruwa ƙofa. Amma a ganina babban aikin dokar shi ne raba TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, gida biyu. Turaku da wayoyi sun zauna a hannun TCN, jan ragamar layi kuma ya koma ga NISO, sabon kamfani mai zaman kansa da aka kafa a 2024. Shi ke cewa wannan tasha ta ƙara, waccan ta rage, shi ke tanadin wutar ko-ta-kwana da za a saki in rana ta ɓuya.

Jihohi ma sun sami ikon tafiyar da kasuwar wutarsu. Sai dai ko gwamna ne ya gina tasha, muddin za ta hau babban layi, umarnin ɗakin kula na NISO da ke Oshogbo za ta bi.