Cicadulina mbila, ɗan tsallen ciyawa mai kawo ma masara ciwon zane

Cicadulina mbila wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ke rayuwa cikin ciyawa da gonakin masara a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, tsawon shi bai wuce milimita 3 ba ko ɗan sama kaɗan, wato ƙwayar shinkafa ma ta fi shi girma. Masanin da ya fara bayanin shi a rubuce shi ne Naudé a Afirka ta Kudu cikin 1924. Yana cikin babban dangin da masana ke ce ma Cicadellidae, dangin da an riga an lissafa sama da iri 20,000 a duniya. Mutane da yawa nan wajen mu a Tawa in sun ga yana tsalle daga ganye sai su ce ai ɗiyan fara ne, to gaskiya ba fara ba ne, ko kusa. Fara taunawa take, shi kuwa bakin shi kamar allura ne, soka ganye yake yana tsotsar ruwan jikin shuka.

In kana son ganin shi, ka je bakin garka ko fadama da sanyin safiya, ka buɗe tsakiyar masara ƙarama inda ganye ke naɗe, nan suke laɓewa. Wanda bai saba ba zai ga ɗan rawaya-rawayan abu kawai ya ɓace. Amma in ka natsu za ka lura ba ya gudu gaba kai tsaye, da gefe yake zamewa ya koma bayan ganye, sai ka matsa mai sannan ya yi tsalle. Da gilashin ƙara girma ana ganin ɗigo biyu baƙaƙe a goshin shi tsakanin ido da ido, sai duhu-duhu da ya tashi daga bayan ido ya bi gefen jiki, fukafukan kuma kwance bisa baya kamar jinkar ɗaki. Ƙafafun baya dogaye ne da jerin ƙayoyi, wannan jerin shi ne alamar dangin gaba ɗaya. Mace ta ɗan fi namiji girma, kuma a ƙarshen cikinta akwai abin da take tsaga ganye da shi ta saka ƙwai a ciki. Ɗiyan ba su da fiffike, sai sun yi saɓa sau 5 kafin su cika, kuma zafi na sa su girma da sauri.

To ga inda matsalar take, ɗigon nan biyu ba nashi ba ne shi kaɗai. Jinsin Cicadulina na da iri 22, kuma 18 daga ciki a Afirka suke, akwai storeyi, akwai arachidis, akwai similis, akwai bipunctella da sauran su, kusan dukan su ɗigo biyun nan ne a goshi da jiki mai rawaya. Kuma ko cikin mbila ɗin kanta ba duka suke kama ɗaya ba, za ka kamo goma a wuri guda ka tarar wani bayan shi ya yi duhu sosai, wani kuma fes da shi har ka rantse wani iri ne daban. Wanda ya daɗe da cika launin shi ya fi zama, wanda bai jima da saɓa ba yana nan fari-fari. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya kalli hoto a waya ya yanke ma suna, ya yi gaggawa, kama da wane ba ta wane. Launi na kai ka ga jinsi ne kawai, daga nan sai a koma ga namiji.

Yadda ake yi a ɗakin bincike shi ne a ware mazan, a cire ƙarshen cikin, a jiƙa shi cikin ruwan sinadarin fotash (KOH) mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari har naman ya narke ya bar ɓawo, a wanke, a sa cikin ɗigon gilisarin a duba da madubin likita. Abin da ake nema shi ne siffar al'aurar namijin da ƴan ƙahonin da ke jikin ta da na gefen ta, kowane iri da nashi lanƙwasar. Aiki ne mai son haƙuri da hannu mara rawa, abin da kake juyawa da bakin allura bai kai ƙwayar yashi girma ba. A kan wannan siffar ne wani masanin ƙwari mai suna Webb ya gyara lissafin jinsin a 1987. Mata kam da wuya a raba su, galibi ana dogara ne da mazan da aka kamo tare da su. Ɗalibin aikin gona a Jami'ar Abdou Moumouni ko ma'aikacin kare shuke-shuke da zai aika samfuri Yamai, gara ya tara su da yawa cikin kwalbar alkol ya rubuta rana da wuri da irin ciyawar da ya samo su, domin kwalba mai mata zalla kusan wahalar banza ce.

Bambancin bai tsaya ga launi ba. Wani masani mai suna Rose, da ya yi aiki a kan su a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, ya nuna akwai masu gajeren jiki da masu dogon jiki, kuma gajerun ne ke iya dogon tashi su bar ciyawar da ta fara bushewa su nemi wuri mai ɗanye, dogayen sun fi zama inda suke. Wannan ya dace da abin da kowa ya sani nan, damina na wucewa dawa ta bushe ƙurmus, ɗanyen ganye sai a fadama da wuraren noman rani irin na Ƙonni, ƙwari masu tsotso kuwa can suke taruwa. Ciyayi irin su harƙiya da tuji na cikin abin da suke rayuwa a kai tun kafin masara ta shigo Afirka.

Bambanci mafi ban mamaki kuwa ido ba ya ganin shi. Ƙwaron nan shi ke ɗaukar ƙwayar cutar da ke sa ganyen masara zane-zanen fari ko rawaya da ke bin tsawon jijiya, ciwon da aka fara rubutawa a yankin Natal na Afirka ta Kudu cikin 1901, kuma in ya kama shuka tana ƙarama sai ta tsumbure ba ta yin goyo na kirki. Wani masani mai suna Storey ne ya tabbatar cikin shekarun 1920 cewa mbila ke yaɗa ta. Daga baya ya gano cikin mbila ɗin akwai masu iya yaɗawa akwai waɗanda ba su iyawa ko sun sha ruwan shuka mai ciwo, kuma abin gado ne. Ya ɗauki allura ya huda hanjin waɗanda ba su iyawa, sai ga shi sun fara yaɗawa, wato bangon hanjin ne ke tare cutar kar ta kai ga miyau. Wanda ya ɗauka kuwa yana riƙe ta har mutuwar shi, amma ba ta bi ta ƙwai zuwa ɗiya, kuma ba ta bin irin masara da aka shuka.

Saboda haka sanin ko wane iri ne a gona ba ƙwalisar masana ba ce, ba duka irin 22 ɗin ke kawo ciwo ba, kuma masu kawowar ma ƙarfin su ba ɗaya ba ne. A cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan sun yi kiwon Cicadulina cikin keji da yawan gaske suna sakin su bisa masara don su zaɓo irin da ke jure ciwon, daga nan aka samu irin masarar da ake rabawa manoma a Afirka ta Yamma. Manomi a garka ba ya da madubi, abin da ke hannun shi shi ne ya nemi irin nan mai jurewa, ya guji dasa sabuwar masara dab da tsohuwa mai zane, ya tuge wadda ta kamu tun tana ƙarama, ya kuma nome ciyawar da ke bakin kwalbatin ruwa.