Hoton cikin ido ba ya kashe gani

An daɗe ana faɗa, daga Tudun Wada har Kawo, cewa na'urar da ake ɗaukar hoton cikin ido da ita tana ƙona ido. Wasu ma cewa suke yi sai an ciro idon an duba. Tsoron ba laifi ba ne, ido abin tattali ne, amma maganar ba haka take ba.

Za ka ɗora haɓa a kan na'urar, ka kalli wani ɗigon haske, kyamara ta ɗauki hoton tantanin da ke can bayan ido ta tsakiyar baƙin idonka. Babu allura, babu yanka. Akwai kuma na'urar OCT, wadda ke nuna kaurin tantanin ta hanyar amfani da rarraunan haske, ba irin hasken hoton ƙashi ba. Idan an ɗiga maganin buɗe ido, gani kan yi dishi-dishi na kamar awa 4 zuwa 6, sannan ya washe. Ina jin daga nan zancen ya samo asali.

Abin da ke damuna shi ne, ciwon suga da hawan jinin ido kan yi ɓarna a ɓoye, mutum yana gani garau. Hoton ne ke tona su da wuri, shi ya sa ake son mai ciwon suga ya je a duba shi duk shekara.

In kana shakka, raka wani zuwa asibitin ido, ka tsaya ka ga yadda ake yi, ka roƙi likita ya nuna muku hoton a kwamfuta. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani, musamman iyayenmu masu ciwon suga.