Waiwaye: yadda ɗan takarar majalisar jiha ya koma mai alƙawarin rijiya

Duk sanda zaɓe ya matso za ka ga fostar mai neman kujerar majalisar jiha, a ƙasan hotonsa an jero abin da zai yi: rijiyar burtsatse, taransfoma, sayen fom ɗin JAMB, keken ɗinki ga mata. Ka tambaye shi mene ne hidimar jama'a a wajensa, ya ce maka share hawayen talaka. Ni ban raina ko ɗaya ba fa, wanda ya taɓa ganin yarinya da jarka tana bin layin ruwa tun asuba lokacin da ya kamata tana shirin makaranta ba zai raina rijiya ba, amma da ƙyar ka ji ɗan takara ya ambaci doka ko guda ɗaya da zai kai zauren, alhali aikin da za mu ɗauke shi ke nan.

Ba haka aka faro ba. Majalisar dokokin Arewa ta samo asali ne daga tsarin mulkin Richards na 1946, tana zama a Kaduna, kuma ba ta da wani ƙarfi sai ba da shawara, amma a cikinta ne a 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ba ta yi wa sarakuna daɗi ba. Malamin makaranta ne, ba shi da abin rabawa, bakinsa ne jarinsa.

Sai sojoji suka shigo, kuma a ganina nan ne tushen matsalar. Daga 1966 zuwa 1979, sannan ƙarshen 1983 zuwa 1992, sannan 1993 zuwa 1999, wajen shekara 27 cikin 33 babu majalisa. Duk juyin mulkin da aka yi akwai gwamna ko da mai kaki ne, kotuna suna zama, ma'aikatu suna aiki, majalisa ce kaɗai ake garƙamewa, har mutane suka tashi da sanin cewa gwamna shi ne gwamnati. A ɗan tsakanin da aka samu majalisa ta nuna tana da haƙori: ta Kaduna mai rinjayen jam'iyyar NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Mutum zai iya cewa zalunci aka yi masa, da yawa sun faɗa, amma ba wanda ya ce majalisar 'yar amshin shata ce.

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha mambobi 24 zuwa 40, ya ba su yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da binciken yadda aka kashe shi a sashe na 128. Sai dai ya bar kuɗin majalisar kanta a hannun gwamna, to ta yaya za ka binciki wanda sai ya sa hannu za a saya muku man janareta? Abin da ya fi min ciwo, a gyaran tsarin mulki na 2010 an miƙa musu 'yancin cin gashin kai ta fannin kuɗi, majalisun jihohin da kansu suka kasa kawo kashi biyu cikin uku da ake buƙata. Sai 2018 Buhari ya sa hannu a gyaran, gwamnoni suka yi ta jan ƙafa, ya fitar da umarnin shugaban ƙasa na 10 a 2020 don tilasta musu, ma'aikatan majalisu na ƙungiyar PASAN suka shiga yajin aiki a 2021, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, aka sake wani gyaran a Maris 2023.

Ga kuma ƙananan hukumomi da asusun haɗin gwiwarsu da jiha ya tsotse, wanda sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Da ciyaman da kansila suka zama ba su da kataɓus sai jama'a suka kwashi buƙatunsu zuwa ƙofar onarabul, safe da yamma, mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta, shi ma ya gane abin da ke kawo ƙuri'a ke nan, ya daina maganar doka.

Amma aikin kujerar ƙaruwa yake yi. Tun 2018 ɗan shekara 25 zai iya tsayawa, a da sai ya kai 30. Gyaran 2023 kuma ya ba jihohi damar yin dokar wutar lantarki, jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali. Wato mai alƙawarin taransfoma ɗaya yanzu yana da ikon kawo dokar yadda za a samar da wuta a raba ta a jihar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya zo neman ƙuri'ata a kan wannan zan fara tambayarsa.